Idan gwanin bugu mai rauni a tsaron fili ya ji ciwo, nawa ƙungiyar besbol take asara?

Sabon Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan da na fara bin wasan besbol, tun da aiki ya kawo ni Amurka na tarar abokan aikina ba su da wata hira a lokacin abincin rana sai tasa. Na fahimci ƙa'idojin daidai gwargwado: ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗayar tana jifa tana tsaron fili, kuma da zarar an fitar da masu bugu uku sai a yi musaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wata gardama da muka yi a makon jiya. Na ce idan ƙungiya ta rasa mutumin da ya fi kowa tsallakar da ƙwallo bayan katanga, to kakarta ta lalace. Wani abokin aikina ya ce ba lallai ba ne, domin irin waɗannan ƙarfafan sau da yawa abin da suka samo da sanda suna zubar da rabinsa a fili, saboda ba su da gudu kuma hannunsu ba ya riƙe ƙwallo. A ƙwallon ƙafa da na taso da ita, idan mai cin ƙwallo ya karye ba wanda zai ce maka an huta don ba ya komawa baya ya tare. Shin a besbol lissafin daban ne? Ina roƙon waɗanda suka daɗe suna kallo su ba ni misali na gaske.

Dattijon Chicago:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokin aikinka yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma misalin da kake nema a gabanmu ya faru a nan Chicago a shekarar 2016.

Akwai wani yaro mai suna Kyle Schwarber wanda ƙungiyar Cubs ta ɗauka daga jami'ar Indiana a 2014. Asalinsa mai cafe ƙwallo ne a bayan mai bugu, amma sandarsa ta riga hannunsa nuna, sai aka rasa inda za a ajiye shi, aka kai shi gefen hagu na bayan fili, wurin da aka saba ɓoye wanda tsaronsa bai kai ba. A 2015 ya tsallakar da ƙwallo 16 a wasa 69 kacal, ya ƙara biyar a wasannin neman kofi. Ɗaya daga cikinsu, wadda ya buga wa St. Louis, a saman allon maki na filin Wrigley ta sauka ta zauna. Amma a wannan shekarar dai, da muka gamu da ƙungiyar Mets ta New York a wasannin neman kofin suka cinye mu wasa huɗu a jere, duk wanda ya kalla ya ga yadda yake kokawa da ƙwallayen da ke tashi sama suna nufo shi.

Ranar 7 ga Afrilun 2016, a wasa na uku na kaka, a Arizona, ɗan wasansu Jean Segura ya buga ƙwallo ta nufi tsakanin hagu da tsakiyar fili. Schwarber ya taho a guje daga nan, abokin wasansa Dexter Fowler ya taho a guje daga can, idon kowa yana sama, sai Fowler ya faɗo ƙasa ya haɗa da ƙafar yaron. Ƙwallon ta gangara abinta, Segura ya kewaye zango uku, wato wuraren tsayawa da mai bugu yake bi a guje, ya dawo gida ya ci maki, shi kuwa Schwarber yana kwance har sai da aka kawo 'yar mota aka ɗauke shi. Washegari aka sanar cewa jijiyoyi biyu na gwiwarsa ta hagu sun tsinke. A ranar hankalina ya tashi ƙwarai, domin na ɗauka an cire wa ƙungiyar ƙashin baya.

To ka ji abin da ya biyo baya. Cubs ta ci wasa 103 a kakar, ba ƙungiyar da ta kai ta. Koci Joe Maddon bai nemi mutum ɗaya ya maye gurbin ba. Ya riƙa juya wurin tsakanin Jorge Soler da Chris Coghlan da Matt Szczur da Willson Contreras da Ben Zobrist, kuma sau da yawa yana ɗauko Kris Bryant daga zango na uku ya kai shi bayan fili. Duk ranar da Bryant ya bar zango na uku, sai Javier Báez ya samu wuri, kuma Báez yana cikin mafi saurin hannu da na taɓa gani. Ka ga raunin mutum ɗaya ya gyara tsaro a wuri biyu ke nan, ba ɗaya ba. A shekarar, cikin ƙwallayen da aka buga suka faɗa cikin fili, kusan uku cikin huɗu 'yan Cubs sun mayar da su fitarwa, alhali yawancin ƙungiyoyi bakwai cikin goma suke samu. Masu jifarmu su suka ci ribar wannan: Kyle Hendricks, wanda jifarsa ba ta da wani gudu na a-zo-a-gani, shi ne ya fi kowa ƙarancin ba da maki a gasar, Jon Lester na bin sa.

Bambancin da ƙwallon ƙafa a nan yake. A can, idan ɗan gaba ya ƙi komawa baya, abokansa za su iya rufe masa. A nan kuwa idan ƙwallo ta tashi ta nufi gefen hagu, mutumin da ke gefen hagu ne kaɗai zai kama ta ko ya bar ta ta faɗi, kuma makin da aka hana abokin gaba daidai yake da makin da aka ci.

Malamar Lissafi:

Baba, na gode da wannan bayani, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abubuwan da ka faɗa ba. Sai dai ina jin tsoron kada ɗan'uwanmu ya tashi da fahimtar cewa raunin Schwarber ne ya ƙara wa Cubs ƙarfi, domin lissafin bai nuna haka ba. Ƙungiyar ta riga ta ci wasa 97 a 2015, sannan kafin a shiga 2016 ta sayo Zobrist da Jason Heyward da mai jifa John Lackey. Heyward bai buga abin kirki ba a shekarar, amma shi ya karɓi kyautar gwanin tsaro na gefen dama, Anthony Rizzo kuma ya karɓi ta zango na farko, Addison Russell yana tsare da tsakanin zango na biyu da na uku. Mafi yawan wannan tsaro da ake yabo yana nan ko da Schwarber ko babu shi. Ƙungiya ce mai zurfin benci da ta iya haɗiye asarar, wadda da ta faɗa wa wata ƙungiya mai ƙarancin mutane da ta ji a jikinta.

Ga yadda masu ƙididdigar wasan suke auna abin. Suna mayar da komai zuwa maki, bugu da gudu da tsaro, kuma a wurinsu kusan maki goma shi ne nasarar wasa ɗaya a kaka mai wasa 162. A ce mutum yana samo wa ƙungiya maki talatin da sanda fiye da matsakaicin ɗan wasa, amma yana zubar da goma sha biyar a fili. Ribarsa goma sha biyar ce, ba talatin ba. Idan wanda zai gaje shi matsakaici ne a bugu da tsaro duka, asarar ba ta wuce wasa ɗaya da rabi ba a duk shekara. Idan kuwa yaro ne da aka ɗauko daga ƙananan ƙungiyoyi wanda bai kai matsakaici ba, sai asarar ta ninka ko ta fi. Shi ya sa tambayar da ya kamata a fara yi ita ce wa zai tsaya a wurin, kafin a tambayi ƙwallo nawa mai raunin ya tsallakar bara.

Akwai kuma dalilin da ya sa idonmu yake ruɗarmu. Ƙwallon da ta tsallake katanga kowa ya gan ta, a maimaita ta a talabijin har dare. Wadda mai nauyin jiki ya kasa cimmawa da taku biyu kuwa ba a rubuta masa ita a matsayin kuskure, tunda bai taɓa ta ba balle a ce ya yar. A kan mai jifa ake ɗora ta. Haka mutum zai shekara yana jawo wa ƙungiyarsa asara a ɓoye, takardarsa kuma tana nuna kura-kurai biyu ko uku kawai.

Sabon Ɗan Kallo:

Baba da Malama, Allah ya saka da alheri. Na fara ganewa. Amma na ji ana maganar wani gurbi na mutumin da bugu kaɗai yake yi, ba ya fita tsaro. Idan akwai wannan, me ya hana a ajiye irin su Schwarber a can a huta?

Na Philadelphia:

Ɗan'uwa, ka taɓo inda maganar take. Gurbin mai bugu zalla yana nan, shi ne yake bugu a madadin mai jifa. Rukunin American League ya fara amfani da shi tun 1973, amma National League, inda Cubs take, bai karɓe shi dindindin ba sai 2022. Saboda haka a 2016 ba yadda za a yi Cubs ta mori sandar Schwarber a yawancin wasanninta na yau da kullum ba tare da ta tsayar da shi a fili ba.

Baba bai ƙarasa labarin ba, kuma ƙarshensa ne yake amsa tambayarka. Wata shida da 'yan kwanaki bayan raunin, Cubs ta kai wasan ƙarshe na World Series da Cleveland. Likitoci suka yarda Schwarber ya yi bugu da gudu, amma suka hana shi tsaron fili. A wasannin da aka yi a Cleveland, inda dokar mai bugu zalla take aiki, an sa shi tun daga farko. A wasa uku na Chicago kuwa yana benci, sau ɗaya kawai aka kira shi ya yi bugu. Duk da haka ya samu bugu mai kyau bakwai cikin 17. A wasa na bakwai, bayan an tashi kunnen doki 6 da 6 an tsaya saboda ruwan sama, shi ya buɗe zagaye na goma, wato na ƙari bayan tara na ƙa'ida, da bugun da ya kai shi zango na farko. Nan take aka cire shi aka sa Albert Almora mai gudu, wanda ya dawo gida da bugun Zobrist, aka tashi 8 da 7, Cubs ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908. A wannan makon an ga darajarsa tsantsa, ba a cire mata komai ba, domin ba a ba shi safar hannu ta tsaron fili ba.

Mu a Philadelphia mun ga ɗayan gefen. A 2022 Phillies ta sayo Schwarber da Nick Castellanos, dukansu masu sanda ne da ba a yaba tsaronsu, da niyyar su riƙa karɓa-karɓa a gurbin bugu zalla. Sai ɗan wasanmu Bryce Harper ya samu matsala a gwiwar hannu, ba ya iya jifa, dole aka bar masa gurbin, su biyun suka koma bayan fili kusan kullum. Gurbin guda ɗaya ne tak, kuma duk ƙungiyar da ta tara irin waɗannan mutane uku, biyu za su tsaya a fili ko ana so ko ba a so. Schwarber ya tsallakar da 46 a shekarar, muka kai World Series, Houston ta doke mu a wasa shida.

A watan Maris na 2023, a wasan share fage, Rhys Hoskins mai tsaron zango na farko, wanda ya tsallakar da 30 a shekarar da ta gabata kuma aka daɗe ana ƙorafi a kan tsaronsa, ya tsinke jijiyar gwiwa, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Mun ji rashinsa a watannin farko, domin waɗanda aka gwada a wurin ba su kai shi bugu ba. Amma gurbin da ya bari shi ya sa Harper ya koyi tsaron zango na farko, ya fara tsayawa a can a watan Yuli. Daga nan Schwarber ya koma bugu zalla a yawancin wasanni, Brandon Marsh ya riƙa tsayawa a hagu, Johan Rojas a tsakiya, bayan filin ya zama wani abu daban. Mun ci wasa 90 a 2023, bayan 87 a 2022.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Malama ma ina jin za ta yarda da ni a nan: lissafin kaka mai wasa 162 daban yake da na mako guda a watan Oktoba. A ƙarshen 2023, a wasannin neman kofi, muna gaban Arizona da wasa uku da biyu, muka dawo gida muna neman nasara ɗaya, sai sandunanmu suka yi sanyi, muka ci maki ɗaya a wasa na shida, biyu a na bakwai. Ina zaune gaban talabijin a daren nan, tsaronmu lafiya lau, amma ba abin da nake fata sai a ce Hoskins yana cikin jerin masu bugu.

Dattijon Chicago:

Haka ne, kuma Malama ta gyara mini inda na zarce. Ɗana, idan ka koma wurin aiki, ka tambayi abokin naka abu biyu game da ɗan wasan da kuke gardama a kansa: a fili yake tsayawa ko bugu zalla yake yi, sannan wane ne a benci. Idan bugu zalla yake yi, kai ne da gaskiya, domin ba wani tsaro da za a samu a madadin sandarsa. Idan kuwa a gefen hagu ko zango na farko ake ɓoye shi, kuma akwai yaro mai gudu yana jira, ka ba su wata biyu, ka riƙa duba makin da ake cin ƙungiyar tare da wanda take ci, sannan ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.