Musayar Waƙa: Kaka Moses, Tsohuwar Gona Mai Buroshi

Ɗan Kurmi: 'Yan'uwa, yau Kaka Moses, mai zane 'yar Amurka, ce a faifai. Ba wanda ya koya mata zane. Bismillah.

A 1860 aka haife ta,
Tana 'yar 12 aikatau ya ɗauke ta,
Da ciwon gaɓɓai ya raba ta da allurarta,
Ta haura 70 ta riƙi buroshi abinta.

'Yar Zazzau:
Kai da 30 ta sunkuyar da bayanka,
Shayi da majalisa su ne sana'arka,
Zane sama da 1,500 ta bari, ina naka?
Ko farar ƙasa ba ka shafa wa ɗakinka.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagiya, baiwar Kanawa,
A tagar kantin magani aka hangi zanen tsohuwa,
Mai tara zane Louis Caldor ya kwashe su a 1938 ba tsayawa,
Ke waƙarki ko a gwanjo ba mai tayawa.

Na Dala: Allah ya ƙara basira, ɗan gida! An gama da ita.

Malam Mai Ma'auni: Ku dakata. Ɗango na uku ya karye. Ka cusa suna da shekara, ƙafar ta yi ɗingishi. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa, ina karin?

Na Dala: Malam, da na Zazzau ya yi tsawon jelar raƙumi ba ka gani ba? Ko don can ka yi karatu?

Malam Mai Ma'auni: Yaro, ƙirga gaɓoɓin tukuna.

Gwaggon Dandali: Kun bar tsohuwa a tsaye. Ga nawa a kan zanenta, ko da gurgu ne:

Ƙanƙara fari fat ta rufe gona,
Ana dafa ruwan zaƙin bishiyar maple, yara na murna,
Zanen da ta faro sayarwa dala 3 tana godiya,
A 2006 an sayi guda dala miliyan 1.2, ku auna.

Malam Mai Ma'auni: Gwaggo, "godiya" ta fita daga amsa-amo.

Gwaggon Dandali: Ta fita ɗin. Zo ka mayar da ita.

'Yar Zazzau: Wuta ce aka ɗauke mana, Ɗan Kurmi, kar ka ce gudu na yi.

Shekara 101 ta yi kafin a kira ta,
'Ya'ya 10 ta haifa, 5 suka rayu a hannunta,
Kai auren fari ma ana ta yi maka nagaita,
Ka biya bashin mai shayi kafin ka ambace ta.

Malam Mai Ma'auni: Har yanzu ina jiran gyaran ɗango na uku.