Neman kalma: "direban mota" amma ba mutum ba

Mai shirin matasa: Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan yi hira da wani yaro a rediyo nan Jos. Kujera ya ƙera, kana wasan tseren mota a kwamfuta tana karkata da kai, in ka taka birki ta tunkuɗa ka gaba. Simuleta yake ce mata. Moto biyu na waifa ya sayo a garejin Farin Gada, masu cin wuta bolt 12, ya haɗa da Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai ba da umarni. Kalma uku nake nema: ita na'urar, abin da ke juya ta, da allon da ke tsakaninsa da Arduino. Wannan na ukun, "motor driver" a Turance, da na fassara kai tsaye sai ya fito "direban mota". Ku cece ni.

Oga rewaya: Anti, mu a gareji moto muke cewa, namiji ne: moton waifa, moton fanka. Mota ita ce ake hawa. Kada ki taɓa wannan.

Malamin Hausa: Na'urar kuma makwaikwayi. Awon mabuɗi, madubi, magogi.

Bakano a Terminus: Malam, makwaikwayi ai mutum ne. Mai sauraro zai ɗauka ɗan dirama aka gayyato.

Malamin Hausa: Karin sauti ya raba su, kuma a rediyo za a faɗa, ba a jarida ba.

Ɗan Bukuru: GIRGIZAU. An gama. Kamar mantau, kamar jimrau.

Oga rewaya: Ƙanena, in tana girgiza to ta lalace. Na ga irinta. Karkata take yi da lissafi: in mota ta ƙara gudu a wasan, sai kujerar ta kwanta baya, nauyinka ya danne bayanka, jikinka ya ɗauka gudu ne. A kan sandar kowane moto akwai irin abin murɗa muryar rediyo, shi ke gaya wa Arduino inda hannun ya kai, Arduino ya gwada da inda ake so, ya gyara. Shi kuwa Arduino bolt 5 yake fitarwa, ƙarfin da bai wuce kunna ɗan ƙwai ba. Allon nan, irin su IBT-2, shi ke ɗibar wuta mai yawa ya ba moto, ya juya shi gaba ko baya. Ki kuma tambayi yaron ko ya raba wayar nagatif da jikin moton, don na waifa galibi a jiki take, in bai raba ba allon zai ƙone.

Malamin Hausa: To ai linzami ke nan. Mahayi ba shi da ƙarfin doki, da linzami yake juya shi. Muna da makami mai linzami tuntuni.

Mai shirin matasa: Kai, wannan ya zauna. Allon linzami. Allah ya ƙara basira, Malam.

Ɗan Bukuru: Girgizau fa?

Bakano a Terminus: Ku bar wahalar da kanku, a ce simuleta. Shekara nawa gidajen rediyo suna "na'ura mai ƙwaƙwalwa", yau wa ke faɗa a kasuwa? Kwamfuta ta cinye. Tafi-da-gidanka ma ta koma waya.

Malamin Hausa: Jirgi mai saukar ungulu yana nan da ransa. A-daidaita-sahu kuma daga garinku ta fito. Ragwanci ne kawai, kowa na son a ce ya iya Turanci.

Ɗan Bukuru: Yauwa. Amma da ɗan Jos ya ƙirƙiro kalma sai a ce ba Hausa ba ce.

Bakano a Terminus: Ku fara raba "ya" da "ta" tukuna.

Ɗan Bukuru: Shekara nawa kana cin dankalinmu kana zagin Hausarmu? Koma Kwari mana.

Mai shirin matasa: Don Allah ku yi haƙuri, gobe Juma'a zan miƙa rubutun.

Malamin Hausa: Ita wannan na'ura ba don wasa aka fara ta ba. A 1929 Edwin Link ya ƙera tasa a Amurka don koyon tuƙin jirgin sama, da zugazugin kayan kiɗa daga masana'antar mahaifinsa. Kwaikwayo shi ne asalinta, dole kalmar ta ɗauke shi.

Oga rewaya: To a ce kujerar kwaikwayon tuƙi. Ko tsohuwata za ta gane.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Ta jirgi fa, mai ƙafa shida, da ɗaki guda take ɗagawa, ita ma kujera ce? Amma na bari, saboda Asabar.

Mai shirin matasa: Na ɗauka: moto, allon linzami, kujerar kwaikwayon tuƙi. Zan faɗi simuleta sau ɗaya a farko. Abin murɗa muryar kuma?

Oga rewaya: Bolum muke cewa.

Malamin Hausa: Inna lillahi.

Ɗan Bukuru: Anti, a buɗe layin waya ranar. Zan kira in tambayi yaron nawa ya kashe a kan girgizau ɗinsa.