Ziyolait a tankin tarwada: wanne ya kamata a saya?

Hajiya mai tarwada: Assalamu alaikum. An ba ni shawarar in riƙa sa ziyolait a tankin kifina saboda wari. Mene ne shi, kuma wanne zan saya?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ma'adini ne da ke samuwa inda tokar dutse mai aman wuta ta daɗe cikin ruwa mai kanwa, kuma cike yake da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe amoniya, wato sinadari mai guba da kifi ke fitarwa. Ki nemi nau'in kilinoftilolait, na tsakuwa, a raga.

Baba na gona: Hajiya, ki yi hattara da gishiri. Na sa ragar tsakuwar a tankina, ruwa ya yi kyau, har na rage canza shi. Da kifin suka fara ƙuraje sai na zuba gishiri kamar yadda muka saba, alhali ragar tana ciki, kuma wanda ya sayar mini bai taɓa gaya mini cewa gishiri yana sa dutsen ya saki duk amoniyar da ya tara ba. Da gari ya waye na tarar da kifi da yawa sun juya ciki sama. Idan dutsen ya cika da amoniya, a fitar da shi, a jiƙa a ruwan gishiri a wani bokiti daban, a ɗauraye sosai kafin a mayar.

Hajiya mai tarwada: Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Katsina: Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara, saboda haka ku riƙa girmama mu.

Baba na gona: To ka kawo mana buhu ɗaya, mu ga girman.

Ƙanwar zaure: Wata tana tallar garin ziyolait cewa ana sha don wanke jiki. Gaskiya ne?

Malamin kimiyya: Kada ki sha, ƙanwata. An yi amfani da shi wajen kama siziyam, wani sinadarin nukiliya mai haɗari, a Fukushima ta Japan bayan hatsarin tashar nukiliya na 2011, kuma shi ke tace iska a injin oksijin na asibiti, amma akwai nau'insa mai suna eriyonait da ya jawo ciwon daji a wasu ƙauyukan Turkiyya ta hanyar shaƙar ƙurarsa.

Hajiya mai tarwada: Har yanzu ba a faɗa mini yawan da zan sa ba.