"Hali zanen dutse": har da wanda ya tuba?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Jiya aka zauna sulhun ƙanena da matarsa. Ya rantse ya bar zafin zuciyar nan, sai yayan matar ya ce, "Hali zanen dutse." Nan take zaman ya watse. Don Allah, har wanda ya tuba ake jifa da wannan magana?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Ba a kyauta wa yaron ba. Fudailu ɗan Iyali tare hanya yake yi, ya tuba, ya ƙare cikin manyan masu tsoron Allah a Makka. Ku duba aya ta 11 a Suratur Ra'adi: Allah ba ya canza abin da ke ga mutane sai sun canza abin da ke cikin zukatansu. In hali ba ya goguwa, wa'azin na mene ne?

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yar Damagaram: Kakata, Allah ya jiƙanta, tana ba mu labarin wani maƙwabcinsu. Rowarsa ta kai ko almajiri ba ya tsayawa a ƙofarsa. Matansa da awo yake ba su gero, tiya ɗaya sai an yi rigima. Da farin 1973 ya zo, shanu suka mutu, mutane suka fara ƙaura, sai ga shi ya buɗe rumbunansa. Kowane gida a unguwar ya samu, zawarawa aka fara kai wa, bai karɓi ko dala ba. Gari ya ɗauka ya sake hali. Kaka ta ce a'a, mu ne ba mu iya karanta zanen ba, dama can tanadi yake yi. Kishiyarta kuwa har ta rasu tana cewa tsoron mutuwa ne ya kama shi.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙansu. To bayan farin fa, ya koma rowar?

'Yar Damagaram: Ya koma, Yaya. Har ya fi da.

Ɗan Kurmi: Ka ji! Irin na wasu ke nan, rumbu ba ya buɗuwa sai shekarar zaɓe. Taliya da atamfa, sai kuma bayan shekara huɗu.

Bazazzagi: Wani ya sauya jam'iyya sau uku, hula kawai ke canzawa.

Malamin Zaure: Jama'a, maganar aure ake yi.

Ɗan Kurmi: Malam, a bar Bazazzagi ya fara biyan bashin goron da ya ci a Kano, sannan ya yi mana zancen hali.

Bazazzagi: Bakano da lissafi! To ga zanen dutsen nan a gabanku.