Koyon Sifaniyanci a Salamanka: abin da waɗanda suka je suka ce

Da aka tattauna da ɗaliban da suka koyi Sifaniyanci a Sifen, yawancinsu Salamanka suka zaɓa. Jami'arta tun 1218 take, kuma UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 1988. Makarantun harshe da dama suna cikin tsofaffin gidajen dutse.

A nan aka fi jan kunne. Ginin yana da kyau a hoto, amma sanyin hunturun Salamanka ba wasa ba ne, kaurin bango kuma yakan hana intanet shiga wasu ɗakunan. A tambaya ko akwai na'urar ɗumama aji, a kuma tambayi yawan ɗalibai a kowane aji. Ni a ganina tambaya ta biyun ta fi muhimmanci.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar cibiyar Instituto Cervantes, wadda gwamnatin Sifen ta kafa don yaɗa harshen Sifaniyanci, ta amince da makarantar, musamman ga mai son jarrabawar DELE ta samun takardar shaidar iya Sifaniyanci. Karatun da ya wuce kwana 90 sai da bizar ɗalibi.

Batun masauki kuwa an rabu. Zama da iyalin gida yana sakin harshe da wuri, amma Musulmi ya faɗa musu tun farko ba ya cin naman alade, domin ya yawaita a girkinsu.