Kuɗin wata ko keken ɗinki? Muhawarar 'yan unguwa a Gusau

Mai walda: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakata. Rabon keken ɗinki da injin markaɗe da ake yi wa nakasassu ɓarnar dukiya ce. A ba mutum kuɗi a hannunsa duk wata, ko kaɗan ne, ya san da abin da zai kwana. Jigawa ta fara tun 2007, zamanin Sule Lamido, naira 7,000 kowane wata. Mu a Zamfara me ya hana?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Haba ɗana, kai da bakinka? Shan inna ta taɓa ka tun kana goye, yau ga ka da shago da yara. Da kuɗin wata aka saba maka da su, da ka koyi walda?

Mai walda: Hajiya, ƙafafuna ne suka tafi, hannuwana lafiya lau, kuma na samu ubangidan da ya riƙe ni. Ku zo shagona ku ga kekunan guragu jingine a bango. Wani sarƙa ce ta tsinke, wani taya ce ta fashe, gyaran bai taka kara ya karya ba, amma mai keken ba shi da kuɗin. Sai ya koma rarrafe da silifa a tafin hannu, cikin ranar nan ta Gusau. Akwai baiwar Allah makauniya a layinmu da aka ba injin markaɗe a wajen wani taro, aka yi hoto, aka watse. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin fetur ya cinye ribar, ta sayar da injin ta sayi gero.

Malam: Ina da gyara kaɗan. Kada mu manta jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Sai dai aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma nakasa ba ta ciki. Talauci ne ke ciki. Gurgu mai wadata shi ma fitarwa zai yi, makaho mabuƙaci kuwa haƙƙinsa ne.

Mai walda: Allah gafarta Malam, zakkar hatsi sai kaka, ta dukiya sai shekara ta zagayo. Ciki kuwa kullum ne.

Malam: Shi ya sa nake kira ga attajiranmu su koma ga waƙafi: shaguna ko gidan haya da kuɗinsu zai riƙa shigowa wata-wata. A nan na fi kusa da kai.

Ɗalibar lauya: Ku yi haƙuri iyayena, duk maganar nan ta taimako ce, alhali akwai doka. Tsohon Shugaban Ƙasa Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar da keke zai hau, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kamfanin da ya nuna bambanci tararsa naira miliyan 1, mutum kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. An kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020, ga kuma JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa. Tsorona shi ne a toshe mana baki da 'yan kuɗin wata, kurma mai digiri ya ci gaba da zaman gida.

Ɗan Anka: Ƙanwata, kin yi gaskiya, amma kin tsaya a birni. Ki tuna gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wasu ba gani, wasu ba magana. Yau sun zama samari da 'yan mata. Na san uwar da har yanzu ita ke ciccibar ɗanta zuwa bayan gida, ita ke ba shi fura a baki, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna don babu wanda za ta bar wa shi. Wane gurbin aiki za a ba wannan yaron? Wace sana'a? Ban ma taɓo waɗanda harbin 'yan bindiga ya raba da ƙafa ko hannu ba, manoma ne da gona ta gagara.

Hajiya: Innalillahi. Irin wannan kam a ba uwar, ban da ja. Amma mai ƙarfin sana'a, wallahi ban yarda a zaunar da shi ba.

Kawu: Ni abin da nike tsoro daban ne. Ranar da aka ce za a fara biya, 'yan siyasa za su cika takarda da sunayen yaransu masu ƙafa biyu. Sannan a ce sai an dangwala yatsa a banki. To kuturun da ba shi da yatsun fa? Na raka wani, muka wuni, na'ura ta ƙi karɓa, muka komo hannu rabbana. In za a yi, a bi ta hannun sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare. Su suka san mutanensu gida-gida.

Ɗalibar lauya: Kawu, kuma a kafe sunayen a fadar hakimi, kowa ya gani ya yi magana.

Mai walda: Na yarda da wannan. Da babu gara ba daɗi, ko 7,000 ɗin ce a fara.

Hajiya: Tsaya, Kawu. Sarakunan nan sun fi sanin waɗanda ke fita, masu zama bakin masallacin Juma'a da tasha. Matan da ke cikin gida fa? Akwai yarinya kurma a bayan gidana, ta isa aure, ba ta taɓa shiga aji ba, iyayenta suna ɓoye ta don kunya. Sunanta ba ya takardar kowane sarki. Ni ranar Asabar zan bi gidajen layinmu da littafi in rubuta irinta. 'Yata lauya, ki zo ki riƙe mini biro.

Ɗalibar lauya: To Hajiya, bayan la'asar in sha Allah. Amma zan ƙara layi ɗaya a littafin: wanda ya yi karatu, da takardar da yake da ita.