Wai Sakkwato ce ke da arha a da, ko ƙuruciya ce ke ruɗinmu?

Na_Runjin_Sambo:

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka yi samartakarsu a cikin garin Sakkwato daga 2000 zuwa wajen 2012, don Allah ku taya ni tunani. Ɗan yayana ne ya gama sakandare a Gwadabawa yana son ya shigo gari ya koyi gyaran waya, uban ya ce in nema mishi wurin kwana in kuma duba abin da zai riƙe shi a wata. Na ɗauki biro da takarda, kuɗin ɗaki, abin hawa zuwa shago da dawowa, ci sau biyu ba ma uku ba, sabulu, ɗan data, wlh kafin in kai ƙasan takarda lissafin ya haura abin da ƙaramin ma'aikaci ke ɗauka, ga shi yaron ko sisi ba zai samu ba sai hannunshi ya faɗa.

To ni ma ai haka na shigo garin nan zamanin Bafarawa, daga ni sai 'yar jakar bakko. Da abokai muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki a Runjin Sambo, abin da muke biya a shekara yau ko wata biyu ba zai biya ba. Da safe koko da ƙosai na naira 20 ka ƙoshi, da rana fura da nono, da dare in ba a aiko da tuwo daga gidan maƙwabta ba sai teburin mai shayi, kuma shi ma yana rubuta bashi. Kabu-kabu 20 ko 30 ya kai ka babbar kasuwa. Ran Juma'a mu yi wanka mu sa shadda ɗaya tilo da muke da ita mu tafi Masallacin Shehu, a sauko mu biya ta Hubbare, da yamma filin Giginya in akwai wasa, dare kuma gidan kallon ƙwallo. Daren da Liverpool ta farke wa AC Milan ci uku a 2005 da naira 50 na fita, na biya kuɗin shiga, na sha ruwan leda, na dawo da canji.

Shi ne nake tambaya, wai garin ne ke da arha da gaske, ko kuwa don ba mu da mata ba mu da 'ya'ya ba mai tambayarmu kuɗin makaranta da na magani ne muke ganin kamar komai banza ne?

Mai_Jincheng:

Wa alaikumus salam. Malam ba ƙuruciya ba ta, arha na na gaskiya, ni da niy yi kabu-kabu garin ga ni ka gaya maka. Sanda nif fara, 2002, hetur naira 26 lita, kuma sai da munka yi ta ƙorahi don daga 22 anka ɗaga shi. 'Yar'aduwa, Allah shi jiƙan shi, da yaz zaka 2007 yam maishe shi 70 daga 75 da Obasanjo yab bari, 2009 yas sake rage shi zuwa 65, nan yat tsaya hab Janairun 2012 da anka kai shi 141, ƙasa tar rikice da zanga-zanga, anka dawo 97. Ban ce kullum haka muka samu gidan mai ba hwa, wani lokaci sai wurin 'yan bumburutu da galan bakin titi, amma ko nasu ɗin ba shi hana ka aiki.

Ga lissahi mai sauƙi, kowa shi ɗauki waya tai shi danna. 2011 anka sa mafi ƙanƙantan albashi 18,000, raba shi da 65, lita 270 da ɗoriya. 2024 anka maishe shi 70,000, kahin shekarar ta ƙare lita ta wuce dubu, ke nan ko lita 70 ba ta cika ba. Kuma komi na garin ga bisa mai shika tahiya, albasa daga Wurno da Goronyo, itace, ruwan 'yan ga-ruwa ma tunda sai an tada janareta rijiyar burtsatse ta kawo.

Mashin kuma fa? Jincheng sabo dal cikin kwali bai kai dubu ɗari ba. Wani Alhaji ka saye shi ba ka, kana kai mai balas kullum, in kana da natsuwa shekara ba ta zagayowa mashin ya zama naka. Da shi niy yi aure, da shi nis sayi hili Mabera sanda can duk gonaki na, mutane na yi man dariya wai na tahi daji. Yau sabon mashin ya wuce miliyan, wane Alhaji za shi damƙa ma yaro miliyan shi ce tahi ka nema? Ko ambaliyar 2010 da tay yanke hanyar jami'a wajen Kwalkwalawa, da ɗalibai na shiga jirgin ruwa mu kuma muna jiran su tsallake, an sha wuya amma ba ka jin wani ya ce bai da na mashin.

Malama_GawonNama:

Ni dai dariya kuka ba ni. Malam Na Runjin Sambo, tuwon nan da kake cewa ana aikowa daga gidan maƙwabta, wa ke tuƙa shi, kuma da hatsin wa? Ai ba daga sama yake faɗowa ba. A gidanmu cikin gari Inna kullum sai ta fitar da kwano uku da ba na 'yan gida ba, na almajirinta, na samarin da ke haya a ɗakin zaure, da na ko-da-baƙo, Baba kuwa shi ke auno geron, mu 'yan mata mu ke daka mu ke wanke kwanukan in an dawo da su, sau da yawa ma ba a dawowa da su sai an aika yaro. To arhar da kuka ci rabinta aljihun wani ne da hannun wata.

Kuma kada ku manta da abin da ba shi da arha. A 2000 mafi ƙarancin albashi a jihohi 5,500 ne. Da wayar salula ta shigo a 2001 layi kaɗai sai mai kuɗi, ya ninka albashin wata, kira naira 50 minti ɗaya ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe, sai a 2003 da Glo ta zo aka fara lissafi da sakan. Mu wurin masu lema muke zuwa mu yi kira ana tsaye a kanmu ana duba agogo. Yau yaron firamare na kiran bidiyo.

Sannan kukan nan ba a kanku aka fara ba. Baba, Allah ya gafarta mishi, har ya rasu yana ba mu labarin lokacin da naira ta fi dala, yana cewa tun tsuke bakin aljihun Shagari na 1982 ƙasa ba ta sake daidai ba, ga layin madara da sabulu da sukari a 1984, ga SAP ɗin Babangida, wato tsarin gyaran tattalin arziki, a 1986. Shekarun da ku kuke kira na daɗi shi a wurinshi na tsada ne, don shi ke ciyarwa. Wani abu kuma, wannan garin na Giginya da gidan ƙwallo da teburin mai shayi har sha biyun dare, mu ba mu san shi ba, daga gida sai makaranta sai Islamiyya, sai ko in ana biki.

Amma fa ban ce ƙarya kuke ba. Ni yanzu malamar makaranta ce, maigida ma yana aiki, albashi biyu ke shigowa gidan, kuma wlh ba na iya fitar da kwano ukun da Inna ke fitarwa da samun mutum ɗaya. Shinkafa da gwangwani nake aunawa, in baƙo ya yi sallama bayan an sauke tukunya sai gabana ya faɗi, abin kunya ne amma haka ne. Yaron yayanka ba ɗaki ne kawai zai rasa ba, wannan kwanon ne babu shi, ba don mutanen Sakkwato sun daina kirki ba, tukunyar ce ta ƙanƙance.

Na_Runjin_Sambo:

Malama Allah ya saka wa Inna da alheri, ya jiƙan Baba. Gidan da ke aiko mana har yau ina zuwa gaisuwa da salla, tsohuwar na nan da ranta. Amma maganar kira naira 50 ba ta shafe mu ba gsky, mu filashin kawai muke yi.

Dan_Illela:

Ku duka kuna kallon cikin gari, ni bari in kawo muku ta bakin iyaka don can nake kasuwanci tun ina yaron shago. Wajen 2008 dala tana kusan naira 120, sefa dubu ba ta kai naira 300 ba. Mu ne manya a Konni ta Nijar lokacin, ka shiga da naira aljihu cike ka yi sayayyar atamfa da shinkafa da taliya, ɗan canji na rawar jiki. A 2024 sefa dubun nan ta haura naira 2,000. Abin ya juye, yanzu wanda ya riƙo sefa shi ne mai kuɗi a kasuwarmu, buhun geron da kai kake tayawa kana zufa shi a wurinshi sauƙi ne, to dillali wa zai sayar wa? Hatsi sai ya bi inda kuɗi ke da nauyi.

Ga rufe boda. An rufe a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe Illela, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Kowane rufi sai kaya su hau, in an buɗe kuma ba sa saukowa, ni dai ban taɓa ganin abin da ya hau a kasuwar nan ya dawo inda yake ba, sai dai albasa da tumatir lokacin kaka.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na gabas. Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, nan ne rumbunmu. A da iyali na cikin gari da yawa ba sa sayen hatsi sai damina ta yi nisa, ɗan'uwa na ƙauye zai aiko da buhu bayan girbi, kai kuma ka aika mishi da turmin atamfa da kuɗin taki. Yanzu ɗan'uwan da ke aikowa shi ne a ɗakin zaurenka da matanshi da 'ya'yanshi, ɓarayin daji sun hana shi gona, wani ma sai ya biya su kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunshi. Mai nomawa ya koma mai saye, kuma duk wanda ya gudo ɗaki yake nema, kangon da ba ƙofa ba taga ma akwai mutane a ciki, ta ina haya za ta yi sauƙi? Mai Jincheng ya yi gaskiya a kan mai, amma ko gobe aka mayar da lita 65 in manomi bai koma gona ba tiyar gero ba za ta sauko ba.

Abba_Mabera:

Kawunnai da Anti ina gaisuwa. Ni 2001 aka haife ni, wato shekarar layin waya mai tsadan nan, kuma wlh in kuna irin wannan hira sai mu ji kamar an ci biki an watse sannan muka iso. Naira 20 da kuke ƙoshi da ita yanzu ko yaro ka ba sai ya kalle ka, 5 da 10 kam na manta rabon da in gan su a hannun mutum.

POS nake yi a bakin titi, na wani ne, ana ba ni kaso. Mu ma ɗaki ɗaya muke da abokaina kamar yadda kuka yi, bambancin ku kuna tara na aure da na fili, mu in wata ya ƙare ba bashi sai mu ce Alhamdulillah. Babban yayanmu ya yi bautar ƙasa ana ba shi 19,800 har ya sayi mashin na hannu kafin ya gama, abokina da ke karɓar 77,000 yanzu ran 20 ga wata yake fara kirana. Waɗanda suka tafi Legas kabu-kabu da yawa sun dawo tun da aka hana a manyan unguwanni a 2022, wasu mashin ɗin ma an kwace, yanzu hirar majalisarmu ba ta wuce wa ya tafi haƙar zinare, wa ke neman hanyar Aljeriya.

Amma Kawu kada ku ɗauka ba ma jin daɗin garin, muna ji. Ƙwallo a waya ɗaya muke kallo mu shida an haɗa kuɗin data, a sayi rake ko awara a raba, lokacin zafin Afrilu in ba wuta mu fito da tabarma waje a yi ta musu har biyun dare, kuma ƙafa ta saba, daga Mabera zuwa Kasuwar Daji ba komai ba ne in da abokin hira. Kawai dai in za ku ba mu labarin da, ku daina haɗawa da cewa yaran yanzu ba sa son wahala, Baba Mai Jincheng ni yau aka ba ni mashin na balas gobe da asuba ina kan titi, mai bayarwar ne babu. Bari in je, netwok ya dawo mutane na jira.